Ƙazuwar Kare da Sauran Cututtukan Fatarsa

Na san wani da ya ga kan wannan magana zai yi murmushi ya ce, "Duk faɗin duniyan nan, wannan bai sami abin da zai rubuta mana ba sai kare?" To, ina roƙon malamaina da 'yan'uwana su yi mini haƙuri su ji dalili tukuna, in ya so su yanke mini hukunci daga baya.

A hutun da ya wuce da na je gida, na tarad da wani abin da ya ba ni tausayi, ya kuma ba ni kunya. Muna da wani maƙwabci, dattijo, mafarauci, yana da wani jan kare siriri mai dogayen ƙafafu, wanda in dai a fili ne zomo ba ya tsere masa. Sa'ad da na baro gida karen nan sumul ya ke, gashinsa har sheƙi ya ke yi. Da na koma kuwa ban shaida shi ba sai da aka gaya mini. Gefen kunnuwansa ya yi ɓamɓaroki, gashin ƙirji da na ciki ya zube, fata ta yi baƙi, ta yi kauri, ta tattare, haƙarƙari duk a waje. Ba ya barci, ba ya barin na kusa da shi su yi, dare da rana sai susa. Wani ya ba tsohon shawara ya shafe shi da baƙin man mota, ya kuwa shafa. Kare ya lashe, ya kwana yana amai. Jikokin tsohon guda biyu, waɗanda kullum su ke wasa da karen, su ma ga ƙuraje sun feso musu a hannu da ciki.

Tsohon ya kira ni ya ce, "Malam, ku da ku ke karatu, me ya sami karen nan nawa?" Na duba, na ce, "Baba, ƙazuwa ce." Ya ce, "Wannan ai ko makaho ya shafa ya sani. Me ke kawo ta, mene ne kuma maganinta?" Nan fa na yi shiru, na shiga wasa da yatsu. Washegari na tafi asibitin dabbobi na garin da ke kusa da mu, na yi ta tambaya, da na komo makaranta kuma na bi littattafai. Abin da na tsinto shi na ke so in ɗan gutsura muku, gama da yawanmu in mun fita ƙauye za a kai mu, malamin makaranta kuwa a ƙauye ba karatu kaɗai a ke tambayarsa ba.

Kada wani ya ce jinyar kare ba ta kamaci Musulmi ba. Shari'a ta yarda a ajiye kare domin farauta, da tsaron dabbobi, da tsaron gona. A Suratul Ma'ida an halatta mana abin da karen da aka koya wa farauta ya kamo, bisa sharuɗɗan da malamai suka bayyana. Kowa kuma ya ji hadisin mutumin nan da Allah ya gafarta masa domin ya shiga rijiya ya ɗebo ruwa cikin huffinsa ya shayar da kare mai jin ƙishirwa. Wanda ya ajiye dabba, haƙƙinta yana wuyansa.

Mu dai ko wane ciwon fata muka gani jikin kare sai mu ce ƙazuwa ce. Alhali kuwa susa da ɓamɓaroki alama ce kurum, kamar yadda zazzaɓi ya ke alama. Abubuwan da ke kawo su suna da yawa, ko wanne da nasa magani. Ruwa ba ya tsami banza. Bari mu bi su ɗaya ɗaya.

Ƙazuwa mai yaɗuwa

Wannan ita ce uwa-uba, ita ce kuma ta kama karen maƙwabcinmu. Wani ɗan mitsitsin ƙwaro ne ke kawo ta, likitoci suna kiransa Sarkoptis. Dangin kaska ne da gizo-gizo da kunama, domin in ya girma ƙafafunsa takwas ne kamar nasu. Ƙanƙantarsa ta kai in ka jera mata 60 kai da gindi da kyar su cika inci guda, saboda haka ba a ganinsa sosai sai da madubin likita. Mutanen da sun daɗe suna zaton ɓacin jini ne ke fito da ƙazuwa daga cikin jiki. Sai a shekarar 1687 waɗansu mutanen Italiya biyu, likita Bonomo da mai haɗa magunguna Cestoni, suka tono ƙwaron daga fatar masu ƙazuwa, suka dube shi, suka zana siffarsa, suka bayyana cewa shi ne tushen cutar.

Ga yadda ya ke aikinsa. Macen ita ke haƙa rami cikin saman fata, kamar yadda gara ke bin itace, tana tafe tana zuba ƙwai biyu ko uku ko wace rana. Bayan kwana uku zuwa biyar ƙwan ya ƙyanƙyashe, 'ya'ya masu ƙafafu shida su fito bisa fata, su yi ta saɓa har su girma, su yi barbara, matan su kama nasu haƙan. Daga ƙwai zuwa uwa mai yin ƙwai kwana 17 ne zuwa 21. A riƙe wannan lissafi, za mu komo gare shi wajen magani.

Abin mamaki, ba haƙan ne ya fi kawo ƙaiƙayin ba. Jikin kare ne ke yin bori saboda yawun ƙwarin da kashinsu da ƙwansu. Shi ya sa kare ya kan ɗauki cutar ya yi mako biyu, ko ma fiye da wata, kafin ya soma susa, shi ya sa kuma 'yan ƙwari kaɗan su kan hana babban kare sakat. Cutar ta kan fara a wuraren da gashi ba shi da yawa: gefen kunnuwa, da gwiwoyin ƙafafun gaba, da na baya, da ƙirji, da ciki. Da farko 'yan jajayen ƙuraje ne, sa'an nan ɓawo rawaya-rawaya, sa'an nan gashi ya zube. In an ƙyale, ta game jiki duka, kare ya rame, wani har ya mutu.

Akwai wani gwaji mai sauƙi da malamin dabbobi ya nuna mini. Ka kama gefen kunnen kare ka murza tsakanin yatsu biyu. In ƙazuwan nan ce, galibi sai ka ga ƙafarsa ta baya ta ɗaga tana susar iska, ba da nufinsa ba. Ba hujja ce yankakkiya ba, amma alama ce mai ƙarfi.

Tana yaɗuwa ne ta haɗa jiki da haɗa makwanci, domin ƙwaron ya kan rayu 'yan kwanaki a tsumma ko buhu, balle in wurin yana da sanyi da laima. Ranar farauta da a ke tara karnukan ƙauyuka da yawa, ranar kasuwarsa ke nan. Yana kuma hawa mutum ya fito masa da ƙuraje a hannu da ciki, kamar yadda ya yi wa yaran nan. Sai dai na kare ba ya daɗewa jikin ɗan Adam; in an warkar da karen, na mutanen ya kan tafi da kansa cikin 'yan makonni.

Ƙazuwar gindin gashi

Ta biyu wani ƙwaro dabam ne ke kawo ta, sunansa Dimodeks. Shi dogo ne siriri, ƙafafunsa gajeru dukansu a wajen kai, yana zaune cikin ramin da gashi ke tsirowa. Wani masani Bajamushe, Leydig, shi ya bayyana irin na kare a shekarar 1859. Kusan ko wane kare yana ɗauke da 'yan kaɗan daga cikinsu ba tare da wata cuta ba, domin tun a kwanakin farko na haihuwa ɗan kwikwiyo ya ke ɗauka daga uwarsa wajen shan nono. Muddin kare yana da ƙarfin jiki, jikin ya kan tsare su kada su yi yawa. Amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: in yunwa, ko tsutsar ciki, ko wata doguwar cuta ta raunana kare, sai su hayayyafa har gashi ya zube.

An fi ganinta ga 'yan kwikwiyo da karnukan da ba su kai shekara ɗaya da rabi ba. Ta kan fara a kewayen ido, da gefen baki, da ƙafafun gaba, wuri ya yi sanƙo, ya ɗan yi ja. Bambancinta da ta farko biyu ne: ba ta cika ƙaiƙayi ba sai in ƙuraje sun shiga, ba ta kuma tsallakawa zuwa ga mutum, ba ta cika kama wani kare mai lafiya ba. In 'yan tabo ne biyu ko uku ga ɗan kwikwiyo, yawanci su kan warke da kansu cikin wata biyu in an kyautata masa abinci. In kuwa ta game jiki, fata ta kumbura tana fid da mugunya da wari, to, sai likita. In ta fito wa tsohon kare a karon farko, akwai wata cuta a ɓoye cikin jikinsa, ita ya kamata a nema.

Ƙuma da kaska da ƙwarƙwata

Waɗannan ido yana ganinsu, amma duk da haka sun kan ɓace wa mai nema. Ƙuma yana da sauri, kare kuma ya kan cije shi ya haɗiye. Hanyar gane shi ita ce ka tsayar da kare bisa farin ƙyalle mai laima, ka taje bayansa. Waɗansu baƙaƙen ɗigo-ɗigo za su zubo kamar garin masoro. In suka narke suka yi ja, kashin ƙuma ne, watau jinin da ya sha. Macen ƙuma ta kan yi ƙwai har 40 ko 50 a rana ɗaya, ƙwan kuwa ba ya manne wa gashi, zubewa ya ke yi a makwanci da ƙasa, can ya ke ƙyanƙyashewa. Saboda haka ƙuman da ke jikin kare 'yan kaɗan ne bisa ga waɗanda ke jiran ransu a ƙasa. Wani kare jikinsa ba ya shiri da yawun ƙuma ko kaɗan, cizo ɗaya ko biyu sai ya yi ta gaigayar kansa. Irin wannan a tsatso da gindin wutsiya da bayan cinyoyi a ke ganin ɓarnar. Ƙuma kuma shi ke kai wa kare wata irin tsila. In ka ga waɗansu fararen abubuwa kamar ƙwayar shinkafa a gindin wutsiyarsa, gaɓoɓinta ne.

Kaska ta fi son cikin kunne, da wuya, da tsakanin yatsu. Irin wadda ta fi damun karnukanmu ja-ja ce mai duhu, in ta ƙoshi sai ta sauka ta hau bango, ta shige tsaga, ta zuba ƙwai dubbai. Ciwon da ta ke bari a fata ƙarami ne a kan wanda ta ke zubawa cikin jini. In kare mai kaska ya daina cin abinci, jikinsa ya yi zafi, dasashinsa ya yi fari, fitsarinsa ya yi ja, a gaggauta kai shi asibiti, wannan ya wuce maganar fata.

Ƙwarƙwata kuwa ta fi kama 'yan kwikwiyo da karnukan da aka yi wa sakaci. Tafiyarta sannu ce, ƙwanta fari ne, manne da gashi. Ta kare ba ta zama kan mutum, tamu ma ba ta zama jikinsa.

Makero

Makero ba ƙwaro ke kawo shi ba, wani abu ne dangin fumfuna wanda ke cin gashi da saman fata. Ya kan yi tabo kewayayye kamar kwabo, gashin wurin ya karairaye, tsakiya ta yi furfura-furfura kamar an barbaɗa toka. Ƙaiƙayinsa kaɗan ne. Amma mu malamai shi ya fi kamata mu lura da shi, domin yana tsallakawa daga kare ko kyanwa zuwa kan yaro, daga yaro kuma zuwa ga abokinsa ta hula da mataji da aska. Irinsa da ke jikin gashin da ya zube ya kan wuce shekara bai mutu ba. In ka ga yara uku ko huɗu na gida ɗaya da tabo a ka, tambaye su ko akwai ɗan kwikwiyo ko ɗan kyanwa mai sanƙo a gidan.

Tsutsar fata

Akwai wani ƙuda rawaya-rawaya, ya ɗan fi ƙudan gida girma, wanda ya yawaita a ƙasashenmu da damina. Macen ba ta yin ƙwai jikin dabba. A busasshen rairayi mai inuwa wanda fitsari ko kashi ya ɓata ta ke zubawa, ko a rigar da aka shanya a ƙasa. Cikin kwana uku tsutsotsi su fito su yi kwanto. Da kare ya kwanta a wurin sai su huda fatarsa su shige, ko wace ta yi maruru nata mai ɗan rami a tsakiya inda ta ke shaƙar iska. Ta yi kwana 8 zuwa 12 tana girma, sa'an nan ta faɗo ƙasa ta zama ƙuda. 'Yan kwikwiyo ta fi cuta, har a kan sami gommai jikin ɗaya. Maganinta a toshe ramin da man kaɗanya ko basilin, ta rasa iska ta leƙo, a matsa gefe da gefe a hankali ta fito ɗungum, kada a fashe ta a ciki, sa'an nan a wanke wurin. Ƙudan nan ba ya barin mutane ma, shi ya sa guga mai zafi ta ke da amfani ga kayan jarirai.

Abinci da borin jini

Karen ƙauye me a ke ba shi? Ƙanzo, da ruwan dusa, da abin da ya tsinta a juji. Gashi kuwa da fata ba su ginuwa sai da abinci mai gina jiki, da ɗan maiƙo, da wani sinadari da a ke kira zinki. Hatsi tsantsa ba ya ƙosar da kare waɗannan, har ma akwai wani abu cikin dusa da ke hana hanji tsotse zinkin. Sai ka ga gashi ya dushe, fata ta bushe tana fid da amosani, ɓawo ya taru a kewayen baki da ido. Hunturu kuma ya zo ya daɗa busar da ita.

Akwai kuma karen da ba shi da ƙwaro ko ɗaya, yana cin mai kyau, amma yana ta lasar tafin ƙafa, yana goga fuska a ƙasa, kunnuwansa suna ja. Wannan borin jini ne, watau jikinsa ne ba ya shiri da wani abu, ko ƙura, ko garin furen ciyawa, ko wani irin nama. In abinci a ke zargi, sai a sake masa wani irin da bai taɓa ci ba, a tsare shi a kansa kaɗai har mako takwas a gani. Amma kada a fara da wannan zato sai an tabbata ba ƙazuwa, ba ƙuma.

Ko wanne daga cikin waɗannan ya fara, ƙarshensa ɗaya ne in an yi sakaci. Farce ya yage fata, ƙwayoyin cuta su shiga, wuri ya yi ruwa ya yi mugunya, ƙaiƙayi ya ƙaru, susa ta ƙaru, har miki ya zama gyambo.

Yadda a ke ganewa

Kafin ka kai kare asibiti, ka lura da abu huɗu. Ina cutar ta fara? Gefen kunne da gwiwoyi na nuna ƙazuwa mai yaɗuwa, gindin wutsiya na nuna ƙuma, kewayen ido ga ɗan kwikwiyo na nuna ƙazuwar gindin gashi, tabo kewayayye na nuna makero. Susa ce ta riga zubar gashi, ko zubar gashi ce ta riga? Sauran karnuka da mutanen gida suna susa? Me kare ke ci, ina kuma ya ke kwana? Likita zai kankari fatar da 'yar wuƙa har jini ya ɗan tsattsafo, ya duba da madubi. Dimodeks ba ya wuyar samu. Sarkoptis kuwa sau da yawa a kan kankara a rasa shi alhali yana nan, don haka in alamu sun nuna shi likita ya kan ba da magani ko bai gan shi ba.

Magani

Da farko a ware karen daga yara da sauran karnuka. A sa safar hannu ko a ɗaura leda, a ɗaure masa baki da tsumma mai taushi, domin mai ciwo ba ya sanin ubangijinsa. A rage gashin da ke kewaye da ciwo da almakashi, a shafa man kaɗanya ga ɓamɓarokin ya kwana ya yi laushi, da safe a wanke da ruwa mai ɗumi da sabulu marar kaifi, a ɗauraye sosai. Saman fatar kare ya fi namu sirantaka, garin sabulun wanki yana ƙona shi. Wankan nan share fage ne kurum, domin magani ya sami hanyar isa ga ƙwaron.

Tsohon maganin ƙazuwa shi ne farar wuta, tun zamanin Rumawa a ke aiki da ita. Har yanzu akwai ruwan magani na farar wuta da farar ƙasa wanda a ke sirkawa a jiƙe kare da shi sau ɗaya a mako, har sau huɗu zuwa shida, ba a ɗaurayewa. Yana wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai, yana rina gashi rawaya, amma yana kashe ƙazuwa da ƙwarƙwata da makero, ba shi kuma da haɗari ƙwarai ko ga ƙananan karnuka.

Sai dai Hausawa sun ce karen bana shi ke maganin zomon bana. Cikin shekarun 1970 wani masanin Japan, Satoshi Omura, ya sami wata ƙwayar halitta cikin ƙasar da ya ɗebo, aka aika da ita Amurka, inda William Campbell da abokan aikinsa suka fid da maganin da a ke kira ibamektin. An fara sayar da shi domin dabbobi a 1981. Daga 1987 aka soma raba shi kyauta ga mutane da sunan Mectizan saboda makantar da ƙudan bakin kogi ke kawowa, ƙauyukanmu da yawa sun sha shi. A 2015 aka ba mutanen nan biyu kyautar Nobel. Yana kashe ƙazuwa sarai, amma a ji wannan da kyau: wanda a ke sayarwa a kasuwa na shanu ne, abin da kare ke bukata kuwa ɗan kaɗan ne ƙwarai, bisa nauyinsa. Kuskuren awo ya kan sa kare ya yi ta tangaɗi, yawu na zuba, ya makance, ko ya mutu. 'Yan kwikwiyo ƙanana, da waɗansu karnukan kiwon tumaki na Turai irin su koli, ba su jure shi. Aikin likita ne, ba na mai kanti ba.

Daga 2013 kuma waɗansu sababbin ƙwayoyi na taunawa suka fito, kamar NexGard, wanda a ke ba da shi wata wata, da Bravecto, wanda ƙwaya ɗaya ke aiki mako 12. Suna kashe ƙuma da kaska da ƙazuwa iri biyun nan gaba ɗaya. Aibinsu tsada, kuma a kan yi hattara da su ga kare mai farfaɗiya.

Yanzu mu komo ga lissafin nan namu. Yawancin magunguna uwa da 'ya'ya su ke kashewa, ba su taɓa ƙwai. Ka yi magani yau, bayan kwana huɗu sababbi sun ƙyanƙyashe, cikin mako uku sun zama iyaye. Wannan shi ne dalilin da ya sa a ke maimaita allura ko wanka har a wuce wata guda, shi ne kuma dalilin da ya sa mutane ke cewa ƙazuwa ba ta jin magani: sun yi sau ɗaya, sun ga sauƙi, sun bari. Ta gindin gashi ma ta fi haka naci, in ta game jiki sai a yi watanni, ba a kuwa dainawa sai an kankara sau biyu, wata guda tsakani, ba a ga kome ba. Karyar da ta yi irin wannan bai kamata a bar ta ta haihu ba, domin raunin ya kan bi 'ya'ya.

Abu uku su ke cika magani. A yi wa dukan karnukan gida tare, har waɗanda ba su susa. A ƙone tsohon buhun da ya ke kwana a kai, a share wurin, a yaɓe tsagogin bango. A kuma gyara abinci: a haɗa masa tuwo da romo, da tarkacen mahauta dafaffe, da kan kifi, da ƙwai in an samu, a ba shi maganin tsutsar ciki. Kaska kuwa a kama ta da hantsaki dab da fata, a ja a miƙe a hankali, a jefa cikin kananzir, kada a fashe ta da yatsa. In fata ta yi mugunya likita zai ƙara da maganin ƙwayoyin cuta, in makero ne mai yawa ya ba da na sha.

Abin da za a guje wa

Garin neman gira kada a rasa ido. Baƙin man mota, da kananzir, da fetur, suna ƙona fata, kare kuma ya lashe su su ɓata masa ciki da hanta. Maganin feshin gona da fiya-fiya guba ne, suna ratsa fatar da ta yage su shiga jini, suna kuma cutar mai shafawar. Kada a ba kare maganin ciwon jiki na mutane. Kada kuma a yi masa allurar nan mai kwantar da ƙaiƙayi nan take ba da sanin likita ba, domin tana raunana tsaron jiki, Dimodeks da makero su sami sarari. Maganin ƙuma na kare mai sinadarin fametirin yana kashe kyanwa. In kuwa kare ya cije ka wajen jinya, wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu har minti 15, ka tafi asibiti ran nan, saboda ciwon haukan kare, wanda in ya bayyana ba shi da magani. In an je neman maganin fata, a roƙi a yi wa karen allurar rigakafinsa gaba ɗaya.

Na san za ku so ku ji yadda aka ƙare da jan karen nan. Mun wanke masa baƙin man da kyar, malamin dabbobi ya auna shi ya yi masa allura, ya sa ranakun da za a komo da shi. Bayan ta biyu susa ta ragu, tsohon ya ce ya warke, ba sai an koma ba. Na zauna na zana masa lissafin ƙwan nan a ƙasa da tsinke, ya duba ya ce, "Ashe abin kamar farar ɗango ne, ka kashe uwa, 'ya'ya na ƙasa." Ya cika sauran. Wasiƙar da ƙanena ya aiko mini makon jiya ta ce gashi ya tsiro, yaran sun daina susa, kare har ya fita daji.

Saboda haka, 'yan'uwa, in Allah ya kai mu wuraren aikinmu, wani ya kawo mana irin wannan tambaya, kada mu yi shiru kamar yadda na yi, kada kuma mu faɗi abin da ba mu sani ba. Mu duba inda cutar ta fara, mu hana shafa guba, mu nuna hanyar asibitin dabbobi, mu kuma ja kunne a cika magani. Allah ya sa mu zama masu jin ƙan abin da ke ƙarƙashin hannunmu, ya amfanar da mu da abin da mu ke koya. Amin.